Durƙuso a Barandar Likita

Da sunan Allah nake farawa, Shi da yake jarrabar mai ciwo ya kuma jarrabi mai jinyarsa. Mutum biyun da wannan labari ya shafa, maigidana da mahaifina, duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Da ɗayansu na raye ba zan taɓa ɗaukar biro ba, ko yanzu ma da nake rubutawa fuskata zafi take yi. Amma kwanan baya na shiga dubiya wani gida, na tarar matar tana shanya a cikin ɗaki ga rana tana ƙwallewa a tsakar gida, na gane abin da take ɓoyewa. Shi ya sa na ce bari in faɗi nawa, ko wani zai tsira.

A Funtua muke zaune, lokacin ba a daɗe da komawa Naira ba. Malam, haka nake kiran maigidana, lebura ne a wani kamfanin gurzar auduga, yana cikin masu ɗora diloli a mota bayan inji ya matse su. Dogo ne, marar magana, ga kunya har ta yi yawa. Ni kuwa 'yar Malumfashi ce, 'yar fari a wurin Baba, wanda mutane ke kira Alhaji mai auduga. Baba ya yi aikin malanta a kasuwar auduga tun yana saurayi, a can ya iya Turanci. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Tsakaninsa da Malam kuwa gaisuwa ce kawai. Malam ya hango shi tun daga nesa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa, Baba ya amsa yana kallon wani wuri. Ko ruwa Malam bai taɓa sha a gabansa ba.

Ana tsakiyar kakar auduga abin ya faru. Da hantsi ne, igiyar da ake jan dila ta tsinke, dilar ta gangaro daga bisa mota ta sami Malam a ƙugu yana sunkuye. Ina tankaɗe aka yi sallama aka ce in fito. Da na isa na same shi kwance a kan buhuna, idonsa biyu, gumi na zuba, yana ce wa mutane su koma bakin aikinsu ba komai. Baba ne ya sa aka wuce da shi asibitin Malumfashi, don a lokacin akwai likitan da ya san ƙashi a can, ga kuma dangina kusa.

Makonnin farko a kwance ya yi su a kan gado mai katako, ba juyi ba tashi, an sa masa robar fitsari. Tabarmata tana ƙarƙashin gadonsa. Na san layin karɓar magani kamar yadda na san hanyar rijiyarmu. Ka zo da sassafe a ce mai bayarwa bai iso ba, ya iso a ce wannan maganin babu, sai a kemis. Na yi ƙorafi a lokacin, yanzu ma ina yi. Amma ba zan ci amanar ma'aikatan ɗakin ba, sun juya shi, sun goge shi, ba wanda ya taɓa yamutsa fuska. Likitan wani ɗan gajeren Ba'indiye ne mai Hausa guntu-guntu. Ya ɗaga hoton bayan Malam a jikin taga ya nuna mini wani ɗan layi.

"Nan ƙashi ya tsage, ya danne jijiya," in ji shi. "Wannan jijiya maigadin ƙofa ne. In ya yi barci, ƙofa a buɗe."

Ban gane ba sai ranar da aka cire robar. Fitsari ya daina yi wa Malam sallama. Yana zaune, yana kwance, sai dai ya ji ɗumi. Likita ya ce wataƙila ya dawo daidai, wataƙila sai an yi aiki, a riƙa kawo shi ana dubawa, kuma kada ya ƙara ɗaukar ko da bokitin ruwa. Ya rubuta wa kamfani duk wannan, aka sallame mu da sanda.

Ranar da muka koma gida, Malam ya sa na rufe ƙofar ɗaki. Bai dube ni ba ya ce, "Maganar bayana kowa ya sani. Ɗayar kuwa, daga ni sai ke sai Allah."

Na ce to. Wallahi da zuciya ɗaya na ce to, don ni ma ba na son a ji.

Sai 'yan dubiya da masu shawara suka buɗe. Yayarsa, Yaya Abu, ta taso daga Danja da mai ɗori, mai ɗori ya taɓa ya ce wannan ba karaya ba ce, iska ce. Ta koma ta zo da wanzami aka yi ƙaho har bayan ya zama kamar rariya. Ta ce hannu ne, wani ne ke son aikinsa. Na ce a raina, duk ayyukan duniya a rasa wanda za a yi wa mutum asiri a kai sai ɗaukar dila? Jiƙe-jiƙe kuwa mun sha su kala-kala, kowane da ɗan abin goron mai shi. Akuyata ta tafi, kwanukan jerena suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Duk masu shawarar nan bayan kawai suke yi wa magani, don shi kaɗai aka gaya musu.

Tsofaffin zannuwana na yayyage na yi tsummoki. In wanke tun mutanen gida ba su fito ba, in shanya a igiya bayan gado, in turara ɗakin har idona ya yi ja. In aka yi sallama gabana ya faɗi, in yi ta jan baƙo da hira a ƙofa har Malam ya gyara. Ya daina zuwa masallaci, ya ce ƙafa ce. Ni kaɗai na san yadda yake sake alwala yana sakewa, har ya zauna ya dafe kai.

Maƙwabciyarmu Maman Bose, Bayarabiya mai tireda, a wurinta nake sayen sabulu. Wata rana ta miƙo mini ta riƙe ba ta saki ba.

"Maman Rabi, sabulun nan miya kuke yi da shi?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce yara ne da ƙazanta. Ta dube ni kawai, ta ƙara mini guda ta ce kyauta ce. Na dawo gida kamar an tuɓe mini zane a kasuwa.

Mijinta, Baban Bose, makanike ne a kamfanin su Malam, kuma shi ne sakataren ƙungiyar ma'aikata. Shi ya shigar mana da maganar diyya, tunda a bakin aiki aka ji ciwon. Kamfani suna ba Malam rabin albashi a lokacin, da shi muke lallaɓawa. Da bazara ta shigo sai suka ce ba za su yi aiki da takardar likitan Malumfashi ita kaɗai ba, sai nasu likitan da ke Kaduna ya gani da idonsa. Suka ce likitan ba ya jin Hausa, mutum ya zo da mai yi masa tafinta.

Labari ya kai kunnen Baba. Ya aiko cewa ai shi ma yana Kaduna a wannan makon kan harkar auduga, kada a nemi kowa, zai same shi a can ya yi masa tafintan. Don Allah ya yi, don ya ga ba a cuci mijin ɗiyarsa ba. Da na gaya wa Malam sai na ga fuskarsa ta canja, amma wa zai aika wa surukinsa cewa ba ya so?

Tun ana gobe tafiya ya daina shan ruwa, ko kurɓa, don kada abin ya zo masa a mota. Ya ɗaura tsumma, ya sa wando biyu. Ni kuma, da wautata, na fito masa da rigarsa ta Sallah, na sa mata sitati, na goge hula. Na shirya shi tsaf kamar mai zuwa ɗaurin aure, ina jin daɗi wai ba zai ji kunya a gaban Baba ba.

Abin da ya faru a can, a hankali na tsinto shi daga bakin Malam, yau kaɗan gobe kaɗan. Yana zaune a benci a barandar likitan, sandarsa a hannu, sai ga Baba ya shigo. Jikinsa bai yi shawara da shi ba. Ya yar da sandar, ya zame takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya yi gaisuwarsa cikakkiya, gida da iyali da gajiya da kasuwa. Ya ce ji ya yi kamar an soka masa ƙarfe mai zafi daga ƙugu har tafin ƙafa, amma ya cije ya miƙe da kansa bai dafa komai ba, don ba ya yiwuwa dattijo yana tsaye a kan ƙafafunsa shi yaro ya dogara sanda. Daidai lokacin likitan ya fito daga motarsa, ya tsaya da jakarsa a hannu yana kallo.

Suka shiga. Baba ya zauna a kujera, Malam ya ƙi zama, ya rakuɓe a tsaye. Likitan ya duba takardar Malumfashi sama-sama ya yi tambaya da Turanci. Baba ya yi gyaran murya, ya kalli silin.

"Wai yana tambaya, fitsari lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Likitan ya sake wata. Baba ya daɗe kafin ya fassara.

"Wai... tsakaninka da iyali, ba wata matsala?"

Iyalin nan fa ni ce, ɗiyar mai tambayar. Malam ya ce da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya ce, "Babu, Baba."

Shi ke nan. Likitan bai ce ya tuɓe riga ba, bai ce Baba ya ba su wuri ba, hoton ma bai zare shi daga ambulan ba. Ya ɗan ƙwanƙwasa masa gwiwa ta kan wando, ya ce su tafi. Malam ya ce sun fi daɗewa a gaisuwar baranda a kan abin da suka yi a ɗakin. Ya dawo gida leɓe a bushe, ya kwanta, sai da ya yi kwanaki ba ya iya juyawa.

Da sakamakon ya zo, Baban Bose ne ya kawo shi zaure, ni ina bayan ƙofa ina ji.

"Malam, me ka je ka yi a Kaduna? Mutumin nan ya rubuta wai ya gan ka da idonsa ka tsuguna har ƙasa ka tashi ba sanda. Wai da bakinka ka ce ba abin da ke damunka. Wai ciwon baya ne irin na kowane lebura, likitan farko ya zuzuta. Sun ce ka koma aiki ran Litinin, in ba haka ba sallama, kuma ba diyya."

Malam ya ce, "Surukina na gaida."

"To ai shi bai san suruki ba! Kuma ko ya sani, kamfani ke biyansa."

Wannan bai yi mini ciwo ba kamar saƙon da direban Baba ya kawo bayan kwana kaɗan. Baba ya ce a gaya wa Malam ya koma bakin aikinsa, da kunnensa ya ji ya ce lafiyarsa lau, kuma ba a san gidansu da neman abin da ba hakkinsu ba. Ina tsaye aka faɗi wannan. Ubana yana ganin mijina maƙaryaci, ni kuma na san gaskiya, ga ta can a shanye bayan gado, amma bakina a ɗinke.

Malam ya koma aiki. Na roƙe shi, na yi kuka, ya ce gara bayan ya karye gaba ɗaya da Baba ya riƙa yi masa wannan kallon. A wurin aiki har an sa masa suna, wai mai ciwon diyya. Bai cika mako ba aka dawo mini da shi a kura, irin wadda ake turo buhuna. Daga ranar ƙafarsa ta hagu ta fara ja, yatsun ba sa jin ko tsinke.

Washegari Maman Bose ta shigo ba ta tsaya a tsakar gida ba, ta ɗaga labule ta ja ni bayan ɗaki.

"Ni na yi jinyar babana a Ogbomosho, na san warin nan ko an zuba turaren duniya. Ki daina wahalar da kanki a kaina. Baban Bose ya ce akwai hanya."

Hanyar ita ce, ma'aikaci yana da iko ya ce bai yarda da likitan kamfani ba. A kai kuka ofishin ƙwadago, su tura shi gaban likitocin gwamnati su duba shi tun daga farko, abin da suka faɗa shi ne ƙarshe. Amma sai an kawo dalili. Takardar Kaduna ta ce da bakinsa ya musanta, a gaban shaida, shaidan kuma babban mutum ne. Sai in shaidan nan ne zai je ya faɗi yadda aka yi duban, da abin da ya hana marar lafiya magana. Wato sai Baba ya sani.

Na tunkari Malam da maganar. Ya juya fuska bango.

"A bar musu diyyar."

"Ba diyyar kaɗai ba ce, Malam. In ba su yarda ciwon na nan ba, wa zai yi maka aikin? Da me za mu biya? Ƙafar nan fa tafiya take yi."

"Na ce a bari. Kuma kin yi mani alkawari."

Na yi alkawari, gaskiya ne. Na kwana biyu ina juya abin. Mahaifiyata ta rasu tun ina budurwa, da ita zan gaya wa ta san yadda za ta isar. Gwaggona kuwa in ta ji da safe, kafin azahar har mutanen garin Ƙarfi sun ji. Ranar kasuwa na ce wa Malam zan je gida dubo ƙanwata. Na ɗauki tsummokin daren jiya ban wanke ba, na ƙulle a ɗankwali, na sa a kwando na shiga motar Malumfashi. Duk hanya ina jin kamar kowa a motar ya san abin da na ɗauko.

Na sami Baba shi kaɗai a ɗakinsa bayan azahar, yana kan buzu. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon carbinsa.

"Ke, lafiya?"

Na shirya magana tun daga Funtua, amma da na buɗe baki ba abin da ya fito. Ta ina ɗiya za ta fara gaya wa ubanta abin da ke cikin wandon mijinta? Sai kawai na jawo kwandon, na kwance ƙullin, na tura shi gaban buzun, na juya baya. Ɗakin ƙarami ne, ba ya bukatar bayani.

Na ji carbin ya tsaya. Ina kallon bango na ce, "Tun daga asibiti ne, Baba. Kullum. Ranar Kaduna ruwa ya ƙi sha tun ana gobe. Ɗayar tambayar ma da aka yi masa... ita ma haka ne."

Hawaye na bin wuyana, ba na iya sharewa. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ɗaure."

Na ɗaure.

"Ni na tambaye shi," in ji Baba. "Da bakina. Ina zaune a kujera kamar alƙali, yaro na tsaye. Innalillahi." Na gaya masa hanyar da Baban Bose ya kawo, sannan ya ce, "Tashi ki koma wurin mijinki. Ki ce wa Bayaraben nan ya jira ni gobe."

Baba ya je ofishin ƙwadago da kansa, da rawaninsa, ya faɗa musu cewa shi ne tafintan, shi ne kuma surukin, ba a tuɓe majiyyaci ba, ba a duba hoto ba, kuma ba ɗan mutuncin da zai amsa waɗannan tambayoyi a gaban uban matarsa. Baban Bose ya ce ma'aikacin ofishin Bahaushe ne, yana jin haka ya ajiye biro ya riƙe baki. Likitan Malumfashi ma, Allah ya saka masa, ya sake duba Malam ya rubuta cewa abin ya ƙaru.

A gida kuwa na ga tashin hankali. Malam bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Kin tuɓe ni a gaban Baba." Daga nan ya daina yi mini magana sai dole. Ina canja masa tsumma yana kallon rufi, ina ba shi abinci yana karɓa kamar daga hannun baƙuwa. Har damina ta sauka muna haka, takarda na yawo tsakanin Funtua da Kaduna, yau a ce mai sa hannu ya tafi hutu, gobe a ce fayil ya ɓace. Rabin albashin ma an tsayar. Na koma yin ƙosai a ƙofar gida, Maman Bose na ba ni mai bashi ba ta taɓa tambaya ba.

Da aka sa ranar ganin likitocin a Zariya, Baban Bose ya zo da sharuɗɗansa.

"Ka sha koko, ka sha ruwa. Ban da tsumma. Tsohuwar riga za ka sa. Sandarka a hannunka. Kuma ko Gwamna ne ya shigo, kada ka durƙusa."

Baba ya aiko da motarsa. Ya sa direba ya fara ɗaukarmu, muka zauna a baya, sannan aka biya aka ɗauke shi a bakin wani masallaci a nan Funtua. Ya shiga gaba da sauri tun Malam bai yunƙura ba, ya ce "sannunku" yana kallon titi. Har Zariya bai waiwayo ba. Da muka isa ya ce shi zai jira a gindin darbejiya, ni in shiga da Malam.

Mun daɗe a layi. Da aka kira mu, likitoci uku muka tarar, ɗayansu Bahaushe mai furfura. Shi ya yi tambayar, a hankali, da Hausa. Malam ya buɗe baki ya rufe. Aka sake tambaya. Ya sunkuyar da kai. Sai ya ɗan juyo ya dube ni, karo na farko cikin watanni.

Ni da ko mai nama ba na iya yi wa ciniki ido da ido, ni na tsaya gaban maza uku na faɗi komai. Yaushe ya fara, sau nawa nake wanki, abin da ya daina yiwuwa tsakaninmu. Ina jin kunnuwana kamar an sa musu garwashi, amma ban tsallake ko ɗaya ba. Ina gamawa Malam ya jingine sandar, ya kama wuyan rigarsa ya cire da kansa.

Sun daɗe a kansa. Suka tsira masa allura a ƙafa bai ji ba, suka ɗaga hotuna tsoho da sabo suna nuna wa juna. Ruwan da ya sha kuwa ya yi aikinsa tun yana kan gadon dubawa, a gabansu. Mai furfurar ya ce za su rubuta cewa ciwon daga aiki ne, kuma ya nakasa shi, duban Kaduna ba duba ba ne. Za a yi masa aiki a tsayar da lalacewar ƙafar. Na tambaya, ɗayan ciwon fa? Ya girgiza kai.

"Da tun a bazara ne, da ina da abin cewa. Jijiya ba ta jiran mutum ya gama jin kunya."

Haka kuwa aka yi. Kamfani ya biya aikin, ya biya diyyar bayan ja-in-ja, ƙafar ta tsaya inda ta tsaya, ɗayan kuma da shi Malam ya rayu har ya koma ga Allah. Likitan Kaduna ban yafe masa ba, na bar shi da Mahaliccinsa. Wanda duk zai kai nasa gaban likita, ina roƙonsa ya dubi wanda zai sa a ɗakin. Kada ya zama mutumin da majiyyaci ba zai iya tuɓe riga a gabansa ba, komai ƙaunarsa, komai Turancinsa.

Amma a ranar ba mu san duk wannan ba. Abin da ke gabanmu shi ne fita. Wandon Malam ya jiƙe sharkaf har gwiwa, rigar 'yar guntuwa ce ba ta rufe komai, ni kuma ruɗewa ta sa na bar kwandon kayan canji a mota. Tsakanin ƙofar da motar fili ne fetal, cike da mutane, ga Baba can tsaye a gindin darbejiya. Malam ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa gaba ya kasa baya. Na cire mayafina zan ba shi, ya ce in mayar.

Muka taka a hankali, sanda na ƙwanƙwasa ƙasa, mutane na kallo suna kawar da kai. Baba ya hango mu. Kallo ɗaya ya yi, ya juya mana baya. Na ce a raina shi ke nan, yau Malam ya gama mutuwa a tsaye. Sai na ga Baba ya ɗaga hannuwa ya tuɓe babbar rigarsa, farar shadda mai aiki, ya rage daga shi sai 'yar ciki, dattijo a tsakiyar mutane. Bai juyo ba. Ya miƙo ta ta baya.

"Ke, ba shi. Zafi nake ji."

Na karɓa na zura wa Malam. Ta sauka har idon sawunsa. Ya buɗe baki zai yi godiya, gwiwarsa ta fara lanƙwashewa, Baba ya ce, har yanzu yana kallon darbejiya, "In ka durƙusa mani, ban yafe ba. Shiga mota."

Haka muka iso Funtua. Na wanke rigar na goge na ninke. Baba bai taɓa tambayarta ba, Malam kuma bai taɓa samun fuskar da zai mayar ba. Tana cikin akwatina har yau.